Ranar da Surukata Ta Jawo Ni Daga Banɗaki

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta fara taka gidana na Jidda ba. Ko na so in manta ma matata ba za ta bari ba, don har gobe idan ta ga na ɗauki bokiti sai ta ƙunshe baki tana dariya ƙasa-ƙasa. Tunda abin ya riga ya zagaye dangi da bakin wasu, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Aikin kwamfuta ne ya kawo ni Jidda, a wani kamfanin jigilar kaya da ke unguwar Khumra, muka kama haya a unguwar Kurayyat ni da matata Hafsatu. Da cikinta na fari ya tsufa sai ta tafi Kano goyon ciki. Allah ya sauke ta lafiya, muka samu 'ya mace, na je aka yi suna na dawo bakin aiki. Sunan Hajiya mahaifiyar Hafsatu muka sa wa yarinyar, shi ya sa muke kiranta Ummi. Aka gama wankan jego, aka gama takardu, na fara ɗokin dawowar iyalina. Sai Hafsatu ta kira ni murya a sanyaye ta ce, "Umma ta ce ita za ta rako mu. Za ta yi umara, ta kuma ga gidan da idonta. Idan bai yi mata ba, wai tare za mu koma, sai Ummi ta yi ƙwari."

"Ƙwari kamar yaya?" na tambaya.

"Kamar ta fara tafiya."

Na gaji da cin abincin kanti, na gaji da kallon 'yata a waya tana girma ba ni kusa. Kuma na san Hajiya ba ta magana biyu. Malamar asibiti ce da ta yi ritaya, ta shafe rayuwarta a ɗakin haihuwa, irin matan nan da idan suka shigo wuri kowa ke gyara zama ba tare da an ce masa komai ba. Tsakanina da ita kuwa kunya ce irin ta da. Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta taɓa kallon ƙwayar idona ba. Idan na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, sauran magana kuma sai ta bi ta kan Hafsatu: "Ki ce da shi an gode." Ina zaune a wajen fa, ina ji da kunnena, amma sai Hafsatu ta juyo ta ce da ni an gode.

To gidan da za a zo dubawa fa? Ku dai bar shi gidan gwauro na wucin gadi. Ga shi a Jidda ba a buɗe taga. Zafi da gumin teku sun sa kowa ya rufe gidansa ruf, esi na aiki dare da rana. Tagoginmu ma wanda ya zauna a gidan kafin mu ya bi gefunansu da salatif saboda ƙura, ni kuma ban taɓa tunanin ɓarewa ba. Iskar da na shaƙa jiya ita nake shaƙa yau, sai dai a sanyaya min ita.

Ana saura 'yan kwanaki su iso na ɗauki hutu na shiga kanti kamar wanda zai buɗe nasa. Na sayi bilic, na sayi ruwan wanke masai mai ƙarfin nan da ake sayarwa a baƙar kwalba, na sayi na tayil, na gilashi, na kicin, da feshin kyankyasai. Na ƙara da abin ƙamshin da ake maƙalawa a soket, ɗaya a kowane ɗaki (har kicin, Allah ya shirye ni). Ƙaramin ɗakin da na ware wa Hajiya da jikarta na sa aka shafe shi da sabon fenti mai sheƙi, aka shimfiɗa sabon kafet da gam, na ja ƙofa na rufe don kada ƙura ta ɓata. A lissafina, duk gidan da ya bugi hancin mutum tun daga bakin ƙofa, to ya tsaftatu.

Ba wai ba a ja min kunne ba. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, Khala Zahra, dattijuwa ce haifaffiyar Jidda, kakanninta suka zo aikin hajji daga ƙasar Katsina suka zauna. Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ta tare ni a matakala ta toshe hanci ta ce, "Ya waladi, esh hada, mene ne wannan? Warin gidanka har shiƙƙata, har cikin ɗakina, yake sauka. Gawa za ka wanke?"

Na yi dariya na ce, "Khala, surukata ce za ta zo."

"To ka buɗe shubbak, haram alaik!"

Na ce to. A raina kuwa na ce in buɗe taga ƙamshin da na sha wahala na tara ya gudu? Ranar da za su sauka ma sai da na ƙara feshe kowace kusurwa, na kunna turaren wuta, na kulle gidan na nufi filin jirgi, na ci farar shadda sabuwa dal da hula, kai ka ce ni ne angon.

Muna dawowa na buɗe ƙofa da alfahari na ja gefe. Ni kaina sai da abin ya doke ni a ƙirji, amma na dake. Hafsatu ta yi atishawa sau biyu ta kalle ni, na yi mata murmushin "kin ga aiki ko?" Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗan yamutsa fuska, ta ja mayafi ta rufe fuskar Ummi. Ranar farko a gidan suruki, ya za a yi ta fara da kushe? Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ki ce da shi an sha aiki. Ko akwai tagar da za a ɗan buɗe?" Ni kuma gwanin gwanaye na ce da Hafsatu, "Ki ce da Hajiya zafi zai shigo, bari in ƙara esi." Na ƙara.

Suka shiga ciki ajiye kaya, ni kuma na leƙa banɗakin baƙi, wanda ƙofarsa ke kallon falo, don in tabbatar komai ya yi. Nan idona ya faɗa kan wani tsohon tabo ruwan ƙasa da ya kewaye magudanar ruwa a tayil. Na sha goge shi ya ƙi fita, amma a wannan lokacin sai na ga kamar shi kaɗai ne a gidan. Ga la'asar ta gabato, yanzun nan Hajiya za ta shigo alwala, ta sunkuya wanke ƙafa, idonta ya sauka a kansa. Shi ke nan, an tafi da iyalina saboda tabo.

Na faɗa kicin inda kwalaben suke. Don kada bilic ya ɓata min shadda, na tuɓe riga da wando na rataye a bayan ƙofar kicin, ya rage daga ni sai singileti da gajeren wando (gajeren wandon ma na ƙwallo ne, wanda robarsa ta fara saki). Na sunkuci bilic da baƙar kwalbar nan, na leƙa falo ba kowa, na sheƙa a guje na shige banɗaki na sa sakata. Na tuttula bilic a kan tabon. Bai motsa ba. Sai wata dabara ta zo min, irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan Allah ya tashi tona masa asiri: idan ɗaya yana da ƙarfi, ai biyu sun fi. Na ɗauko baƙar kwalbar nan na kwarara a kai.

Wurin ya yi wani ɗan tafasa. Kafin in miƙe, wani abu ya shige min hanci ya dire a ƙirji kamar na shaƙi dakakken barkono. Idanuna suka kawo ruwa, maƙogwarona ya kama wuta. Na kai hannu kan sakata zan fita, sai na ji muryoyinsu. Sun dawo falo. Hajiya na zaune daidai saitin ƙofar, kayana kuma suna can kicin, a ɗaya ɓangaren falon.

Yanzu mai hankali zai ce ai sai ka fito kawai. Haka ne, amma wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa da gajeren wando ba alhali ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da surukarsa. Wallahi a wannan lokacin na auna mutuwa da kunya, na ga mutuwar ta fi sauƙi. Na danna tawul a baki ina tari a ciki don kada a ji. Na lalubi 'yar tagar banɗakin, ita ma salatif. Ina tsaye ina hawaye ina addu'ar Allah ya sa su tashi su koma ɗaki, ban ko tuna cewa ƙasan ƙofar akwai rata ba, kuma abin da ke shaƙe ni yana bi ta nan yana fita inda jaririyata take.

Sai na ji Ummi ta yi wani ɗan tari, ta fashe da kuka.

Abin da ya biyo baya, rabi na ji ta bayan ƙofa, rabi Hafsatu ta ba ni labari. Hajiya ta ɗaga kai ta shinshina sau ɗaya, ta miƙe zumbur kamar ba ita ce ke ƙorafin gwiwa a mota ba. Ta ce da Hafsatu, "Ɗauke ta ki fita waje, sauka ƙasa, kada ki tsaya ɗaukar komai." Ta kashe esi, ta ɗauko wuƙa a kicin ta bi salatif ɗin tagar falo ta yanke, ta tura tagar da ta shekara ba a taɓa ba har sai da ta yi ƙara. A kicin ɗin ne ta ga shaddata a rataye, ta kuma ga gurbin kwalabe biyu. Ta haɗa lissafin nan take.

Sai na ji an daki ƙofar banɗaki, aka kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar da ban taɓa sanin Hajiya na da ita ba.

"Buɗe ƙofar nan!"

Cikin tari na ce, "Hajiya... ba... ba kaya a jikina sosai."

"Na karɓi haihuwar mutanen da ban san iyakarsu ba, gwiwarka ce za ta ba ni tsoro? Buɗe, ka riƙe numfashinka!"

Na zare sakata. Hannu ya shigo ya damƙi singiletina ta wuya, aka fizgo ni waje kamar ɗan akuyar da ya shiga rumbu. Ta ja ƙofar ta rufe, ta tura tawul a ƙasanta da ƙafa, ta tasa ƙeyata har matakala. Ita kanta tana tari, idonta ya yi ja, amma ba ta sake ni ba sai da ta zaunar da ni inda iska ke shigowa.

Kukan Ummi da bugun ƙofa sun riga sun fito da maƙwabta. Ga Khala Zahra, ga mai gadin gidan, ga wani ɗan ƙasar Yaman na sama da matarsa, ga ni zaune a tsakiya da singileti ya yage ta kafaɗa, majina da hawaye sun haɗe, hannuna ɗaya riƙe da ƙugun wando. Khala ta tafa hannu ta ce, "La hawla! Ban gaya maka ba, ya waladi?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji an lulluɓa min wani abu mai laushi. Hajiya ce ta cire mayafinta, mai furanni ruwan hoda, ta rufa min daga kafaɗa har gwiwa, ya rage ɗankwali kawai a kanta a gaban baƙin maza. Ta karɓi ruwa a hannun Khala ta riƙa zuba min a ido, tana cewa, "Ƙifta. Ƙara ƙiftawa. Ja numfashi a hankali." Da ta gama da ni ta karɓi Ummi ta kara kunne a ƙirjinta, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce a tafi asibiti duk da haka.

A mustausaf ɗin unguwa, wato ƙaramin asibitinmu, likita ya duba Ummi ya ce ƙirjinta lafiya lau, an fitar da ita da wuri. Ni ne aka sa wa abin shaƙa a hanci. Da ya ji abin da na haɗa sai ya cire tabarau ya kalle ni, irin kallon da ake yi wa babban mutum da ya sha kananzir. Ya ce bilic da wancan ruwan idan suka haɗu iska mai guba suke fitarwa, kuma a rufaffen banɗaki tana iya kai mutum lahira. (Mai gadi ya kawo min shaddata kafin mu tafi, kada ku ɗauka da mayafin na je.)

Kwanakin da suka biyo baya a wajen Khala Zahra su Hafsatu suka kwana, ni kuma na rakuɓe a ɗakin wani abokin aikina. Hajiya ta karɓe gidana. Abin mamaki, tunda ta riga ta kama sunana sau ɗaya, sai ta ci gaba da yi min magana kai tsaye, amma a kan wannan batu kaɗai. Ta sa na ɓare salatif ɗin kowace taga. Ta bi soket-soket tana zare abubuwan ƙamshina tana jefawa a leda. Banɗakin ta hana kowa shiga sai da ya wuni a buɗe, sannan aka kwarara masa ruwa mai yawa.

Ta tsaya a ƙofar ɗakin da na yi wa fenti ta ce, "Nan ka so jaririya ta kwana?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na ɗauka sabon abu ya fi tsafta, Hajiya."

"Warin da kake ji na sabon fenti da gam, abin ne yake tashi yana shiga iska, daga iska kuma sai huhu. Kai babba kanka zai yi ciwo ka sha magani. Ita fa? Huhunta bai kai tafin hannunka ba." Ta ce ɗakin zai zauna a buɗe da fanka tana kallon waje har sai hanci ya daina jin komai, kafin nan ko jakar kayan Ummi ba za a ajiye a ciki ba.

Kwalabena kuwa ta jera su a baranda tana ɗaga kowace tana karanta bayanta, abin da ni mai digiri ban taɓa yi ba. Yawancinsu ta ce ba na bukata. Sabulu da ruwa sun isa kusan komai, inda ya yi gardama a sa ruwan khal (wato binega) ko lemon tsami, su ma kada su kusanci bilic. Bilic ɗin ta bar min shi, amma da sharaɗi: a tsarma shi da ruwa, shi kaɗai, taga a buɗe, a rufe bakinsa gam a ajiye a baranda inda rana ba ta bugu. Feshin kyankyasai sai ranar da za a fita da yarinya, a kuma sha iska kafin a dawo. Khala Zahra ta so ta ceci turaren wuta, ta ce, "Ya Hajja, bakhur kuma? Gidan da ba bakhur ai ba gida ba ne." Hajiya ta yi murmushi ta ce ita ma ba ta rabuwa da shi, amma hayaƙi hayaƙi ne, a yi shi kaɗan, ba a ɗakin jaririya ba, ba kuma a rufe ƙofa a kansa ba. Na ce zafin Jidda fa? Ta ce, "Da asuba ma zafin ne? Ka buɗe ta nan ka buɗe ta can iska ta ratsa, kafin rana ta ɗaga ka rufe ka kunna esinka."

Duk wannan ina bi da "to Hajiya", amma zuciyata ta riga ta karaya. Mutumin da ya kusa shaƙe jikarta a ranar farko, da wane baki zai ce a bar masa ita? Suka je Makka suka yi umara suka dawo, ba ta ce uffan a kan maganar ba. Na tambayi Hafsatu a ɓoye, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma tsoron tambaya take.

Ana gobe za ta tafi, da hantsi, Hajiya ta zauna a kujerar falo da Ummi a cinya ta ce in wanke banɗakin baƙi. Yanzu, a gabanta. Na gane jarrabawa ce. Na fara buɗe tagar banɗakin da ta falo, na bar ƙofa a wangale. Na ɗebo ruwa a bokiti na sa sabulu na durƙusa (da dogon wando, har da bel). Ina cikin gugar tayil sai ga tabon nan, yana nan daram, duk bala'in da na jawo a kansa ko gezau bai yi ba. Hannuna ya tsaya. Na ji idon Hajiya a bayana. Na kalli tabon, na kalli baranda inda bilic yake, na ja dogon numfashi, na goge shi da sabulu iya ƙarfina na ɗauraye na wuce shi yana nan.

Da na fito ta ce, "Ka bar tabo."

Na ce, "Ya ƙi fita, Hajiya. Tayil ɗin ne ya ci. Ba ya cutar da kowa."

Ta ci gaba da jijjiga Ummi. Can ta ce, "A asibiti na ga mazan da ko ruwa ba sa iya miƙa wa mai jego. Ban taɓa ganin wanda ya kusa kashe kansa wajen wanke wa surukarsa banɗaki ba. Wauta ce, amma irin wadda ake gyarawa." Ta miƙe ta ɗora min Ummi a hannu, hannun ma da sauran danshi. "Riƙe 'yarka. Ni kaɗai zan hau jirgi gobe."

Hawaye suka zubo min a gaban surukata karo na biyu, wannan karon kuma ba ni da kwalbar da zan ɗora wa laifi.

Darasin da na koya ba shi da yawa. Gida mai tsafta ba ya bugun hanci, kwalabe biyu ba sa haɗuwa a magudana ɗaya, kuma idan aka ce ka buɗe taga, ka buɗe. Wanda duk da haka ya ga sai ya yi wauta a ranar da surukarsa ta zo, ina roƙonsa don Allah ya yi ta da dogon wando.